Gladys Casely-Hayford: Marubuciyar Da Ba Ta Raina Harshen Gida Ba

'Yan'uwana mata, da ku 'yan makaranta, yau ga labarin wata 'yar Afirka ta Yamma wadda da wuya ku ji sunanta a aji, alhali kuwa ta cancanci a san ta.

An haifi Gladys a shekarar 1904 a garin Axim na ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. Mahaifinta, J. E. Casely Hayford, lauya ne kuma ɗan kishin ƙasa. Mahaifiyarta Adelaide kuwa 'yar Saliyo ce. Da lahani a ƙugu aka haifi yarinyar, amma wannan bai hana ta karatu ba, har ƙasar Wales ta Birtaniya.

To, a wancan zamani yawancin waɗanda suka yi karatu a Turai sukan dawo suna ƙyamar al'adun gida. Ita Gladys ba haka ta yi ba. Sai ta koma makarantar koyon sana'a ta 'yan mata wadda uwarta ta buɗe a Freetown a 1923, tana koya musu tatsuniyoyi da adabin Afirka. Ta kuma zaɓi sunan gida, Aquah Laluah, tana sa wa waƙoƙinta. A cikinsu ta yabi kyan baƙar mace da ƙasarta, har da yarinya mai kawo abinci a ƙwarya. A 1927 wasu daga ciki suka shiga wani kundin waƙoƙin baƙar fata da aka buga a Amurka.

Babban abin da ta yi shi ne rubuta waƙa da harshen Kiriyo, wanda masu ilmi ke ɗauka gurɓataccen Turanci ne na 'yan kasuwa. Tana cikin mutanen farko da suka yi haka, aka kuwa buga ɗan littafinta a 1948. Zazzaɓi mai tsanani ya yi ajalinta a 1950, tana da shekara 46. Yau Kiriyo ne harshen da ya haɗa kabilun Saliyo.

Saboda haka ke 'yar makaranta, ki nemi Turanci iyakar ƙoƙarinki, amma kada ki ji kunyar Hausarki. Ke kuma uwargida, ki riƙa yi wa yara tatsuniya bayan lisha. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.