Ibnul Haisam: Malamin da ya rufe fitila ɗaya don ya gane tafiyar haske

Shekaru dubu da 'yan kai da suka wuce, wani malamin lissafi na birnin Basra, a ƙasar Iraƙi ta yau, ya yi wata magana da ta kusa zama ajalinsa. Ya nuna cewa da a Masar yake, da ya yi wa Kogin Nilu aikin da zai sa a amfana da ruwansa, ko ya cika ya tumbatsa ko ya janye. Magana ta yi tafiya har ta isa kunnen Halifa Alhakim bi Amrillah na daular Faɗimiyya, wanda ya hau mulki a 996. Alhakim mutum ne mai son malamai, amma ba ya jinkirin kashe ma'aikatansa idan ransa ya ɓaci. Ya aika wa malamin dukiya, ya gayyato shi Alƙahira. Malamin shi ne Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan ɗan Haisam, wanda aka haifa wajen 965, aka fi sanin sa da Ibnul Haisam, Turawa kuma suka kira shi Alhazen.

Marubucin tarihi Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, shi ya ruwaito abin da ya biyo baya. Ibnul Haisam ya ɗebi magina da ma'aikata ya bi kogin ya yi kudu. A hanya ya riƙa ganin manyan gine-ginen mutanen da, sai jikinsa ya fara sanyi, domin ya lura cewa waɗanda suka iya wannan gini ba su jahilci lissafi ba, kuma da aikin mai yiwuwa ne da sun riga shi. Da ya isa Janadil, kudu da Aswan, inda ruwa ke gangarowa ta cikin duwatsu, ya duba wurin ta ko'ina, ya tabbata abin da ya tsara daga nesa ba zai yiwu ba. Ya komo ya gaya wa Halifa gaskiya. Ba a samu madatsar ruwa a Aswan ba sai a 1902.

Alhakim bai kashe shi ba, ya ba shi wani muƙami a hukuma. Amma zama kusa da irin wannan sarki zama ne a bakin wuta. Ibnul Haisam ya tsiri haukan ƙarya, aka ƙwace dukiyarsa, aka yi masa ɗaurin talala a gida, ya zauna haka har Alhakim ya fita da dare zuwa duwatsun Muƙaɗɗam a 1021 bai sake dawowa ba. Daga nan malamin ya warke. Ya koma wani ɗaki kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littafin Iƙlidis na lissafi da Almajisɗi na Baɗlimus da hannunsa, yana sayarwa. An ruwaito cewa dinari 150 yake samu a shekara daga wannan sana'a, kuma da su yake ci da sha har ya rasu wajen 1040.

A shekarunsa na Alƙahira ya rubuta Kitabul Manazir, littafi mai juzu'i bakwai a kan haske da gani. Tambayar da ya tasa a gaba ta fi shekara dubu tana raba kan masana: yaya ido yake gani? Masana lissafi, mabiya Iƙlidis da Baɗlimus, suna ganin wani haske ne ke fita daga ido ya taɓo abin da ake kallo. Alkindi na Bagadaza ma a nan ya tsaya. Masana falsafa, mabiya Aristotal, har da Ibn Sina wanda ya yi zamani da Ibnul Haisam, suna ganin surar abu ce ke zuwa ga ido. Ɓangaren farko suna da lissafi amma hujjarsu ba ta zauna a kan yadda abu yake ba; na biyu sun fi kusa da gaskiya amma ba su iya fayyace yadda surar dutse guda take shiga ƙaramar ƙwayar ido. Kowa yana kawo sunan babban malaminsa, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Ibnul Haisam ya fara da abin da kowa ya sani. Wanda ya ƙura wa rana ido zai ji zafi. Wanda ya daɗe yana kallon farin abu a cikin rana, sannan ya juya zuwa duhu, zai ci gaba da ganin alamarsa na ɗan lokaci. Ke nan wani abu ne daga waje yake yi wa ido aiki. Sai dai lura kaɗai ba ta ishe shi ba. Kalmar da yake maimaitawa a littafin ita ce i'itibari, wato gwaji: a shirya kayan aiki da gangan, a tilasta wa haske ya nuna halinsa.

Ga ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, mai sauƙin da kowa zai iya yi a ɗakinsa. A jera fitilu da dama a wurare dabam-dabam, dukkansu suna fuskantar wata 'yar huda da ke shiga ɗaki mai duhu. A bangon da ke cikin ɗakin za a ga ɗigon haske daidai da yawan fitilun, kowane ɗigo yana kan miƙaƙƙen layi da fitilarsa ta cikin hudar. Sai a rufe fitila ɗaya tak. Ɗigon da ke daura da ita shi kaɗai zai ɓace, sauran suna nan. A buɗe ta, ya dawo. A rufe wata, nata ɗigon ya tafi. Ba a taɓa hudar ba, ba a matsar da bango ba, ba a ƙara wa sauran fitilun mai ba. Tun da abu ɗaya aka canza, ba wanda zai ce wani dalili ne dabam ya kawo sakamakon. Da wannan ya nuna cewa haskoki suna haɗuwa a huda ɗaya su wuce ba tare da sun cakuɗe ba, kowanne a kan hanyarsa.

Abin da ake koya wa ɗaliban ƙaramar sakandare ke nan a darasin kimiyya, duk da cewa sunayen da ake ba shi yanzu ba Ibnul Haisam ya ƙirƙire su ba. A kowane gwaji akwai abin da mai gwaji yake canzawa da hannunsa, a nan rufe fitila. Akwai abin da yake sa wa ido don ya ga ko ya canza, a nan ɗigon haske. Sannan akwai duk sauran abubuwan da dole a bar su yadda suke. Yaron da ya shuka wake a gwangwani biyu, ya ajiye ɗaya a rana yana ba shi ruwa, ya tura ɗaya ƙarƙashin gado ya manta da shi, bai gano komai ba, domin ba zai iya cewa duhu ne ya kashe shukar ko ƙishirwa ba.

Wani abin da ya bambanta shi da magabata shi ne rashin gaggawar yanke hukunci. Da ya nuna hasken rana yana tafiya a miƙe, ta hanyar shigo da shi ɗaki mai duhu da kallon sa a cikin ƙura, bai ce shi ke nan duk haske haka yake ba. Ya sake gwajin da hasken wata, da na wuta, da na taurari, da hasken alfijir, har da hasken da ke tasowa daga farin bango idan rana ta doke shi. A wata maƙala da ya rubuta a kan surar husufi, ya bi diddigin yadda siffar rana mai kama da jinjirin wata take bayyana a bango ta cikin huda, yana canza faɗin hudar da siffarta da nisanta daga bango, yana duba abin da kowane canji ya haifar. Masanan Sin da na Girka sun san wannan al'amari na ɗaki mai duhu tun kafin shi. Nasa aikin shi ne mayar da ɗakin kayan gwaji.

Juzu'i na uku, wanda ya keɓe wa kurakuran gani, ya fi kowanne nuna yadda tunaninsa yake aiki. Ya lissafa sharuɗɗa takwas da gani ke bukata kafin ya inganta: nisa, da matsayin abu daga ido, da haske, da girman abin, da kaurinsa yadda haske ba ya ratsa shi, da garau ɗin iska, da isasshen lokaci, da lafiyar ido. Sannan ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, yana nuna irin kuskuren da ke faruwa idan wannan sharaɗin kaɗai ya wuce iyaka. Game da lokaci, ya kawo misalin abin wasan nan mai juyawa irin katantanwa: idan aka shafa masa launuka dabam-dabam aka murza shi da ƙarfi, ido zai ga launi ɗaya, domin bai samu sukunin tantance kowanne ba. Ya kuma bayyana yadda za a sassaƙa allo mai tsawon kamu ɗaya, a yi masa gurbin hanci, a kafa ƙananan sandunan kakin zuma guda uku masu launi dabam-dabam, don a gane lokacin da idanu biyu suke ganin abu ɗaya kamar biyu. Mai karatu zai iya gajiya da yawan bayaninsa a kan awo da sassaƙa, amma dalilin a fili yake: so yake wani ya ƙera kayan, ya gwada da kansa, kada ya dogara da maganar marubuci.

Ba komai ya dace ba. Ya ɗauka cewa gilashin da ke cikin ƙwayar ido shi ne yake karɓar sura, alhali a tantanin bayan ido take sauka, kuma a kife, kamar yadda Johannes Kepler ya nuna a 1604. Ya ƙera faifan tagulla mai zanen digiri don auna yadda haske ke karyewa idan ya shiga ruwa ko gilashi, amma bai bar jadawalin adadin da ya samu ba, bai kuma kai ga ƙa'idar lissafin wannan karyewa ba, wadda Ibn Sahal ya riga ya yi aiki da ita a Bagadaza wajen 984. Masu yi masa laƙabin uban kimiyyar zamani sukan tsallake waɗannan, kuma ba su yi masa adalci ba, domin shi kansa bai ɗaga wa manya ƙafa ba. Ya rubuta littafi guda, Asshukuku ala Baɗlimus, yana zaƙulo wuraren da babban masanin taurarin nan ya saɓa wa ƙa'idojin da shi da kansa ya shimfiɗa. A gabatarwar littafin ya bukaci mai neman gaskiya ya zama abokin hamayyar duk abin da ya karanta, ya kuma tuhumi kansa yayin da yake suka, kada son rai ya ja shi.

Ya bar rubuce-rubuce kusan 90 a lissafi da ilimin taurari da haske, fiye da rabinsu sun tsira. Kitabul Manazir kuwa ya yi doguwar kwanciya a ƙasashen Gabas. An fassara shi zuwa Latin wajen 1200, Roger Bacon a Ingila da Witelo ɗan Poland suka gina nasu aikin a kansa, aka kuma buga shi a birnin Basel a 1572, bugun da Kepler ya karanta. A ƙasar Farisa sai wajen ƙarshen ƙarni na 13 Ƙuɗubuddin Shirazi ya samo kwafin littafin ya miƙa wa almajirinsa Kamaluddin Alfarisi, wanda ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir. Ibnul Haisam ya yi bayanin bakan gizo da cewa hasken rana ne yake dawowa daga gajimare kamar daga madubi mai kwarmi, bayanin kuma bai yi daidai ba. Alfarisi ya cika ƙwallon gilashi da ruwa a matsayin ɗigon ruwan sama guda ɗaya, ya shigar da shi ɗaki mai duhu, ya saki haske ta huda, ya bi hanyarsa: ya karye wajen shiga, ya daki bayan ƙwallon ya dawo, ya sake karyewa wajen fita. Dawowa sau ɗaya ita ke ba da bakan farko, sau biyu kuma ta ba da na biyun nan mai dusashen launi da akan gani a samansa.