Ɗan Hausa da Makarantar Sana'a ta Nasarawa

Cikin Turawan da suka yi aikin ilmi a ƙasar nan, babu wanda sunansa ya bi bakin jama'a kamar Ɗan Hausa. Na ga ya kamata in ba 'yan'uwana malamai da ɗalibai labarinsa a taƙaice, don kuwa akwai abin da ya fara wanda mu muka yi sakaci da shi.

Ainihin sunansa Hanns Vischer. An haife shi a birnin Basel na ƙasar Suwizalan cikin shekarar 1876, ya yi karatu a Kambirij ta Ingila. Da fari aikin mishan ya kawo shi ƙasar Hausa, amma bai daɗe ba ya bari, ya kama aikin Gwamnati a 1903, aka kai shi Barno. A 1906 ya yi wata tafiya da ta sa aka san shi. Ya taso daga Tarabulus da ayari, cikinsu har da alhazai masu komowa gida da bayin da aka 'yanta, suka keta Sahara ta Murzuk da Bilma har suka iso Barno. Saboda iya harshe da sanin al'adun mutane aka laƙaba masa suna Ɗan Hausa.

Da Gwamna Girouard ya so a kafa ilmin boko a Arewa, shi aka ɗora wa nauyin. Ya tafi Masar da Sudan ya dubo yadda makarantunsu su ke, sa'an nan a 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makaranta a Nasarawa, bayan birnin Kano. Akwai sashen malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da elementare, da kuma makarantar sana'a. Da Hausa a ke koyarwa, yara kuwa suna sanye da tufafinsu na gida.

To, makarantar sana'ar nan ita ce abin da na fi so mu duba. Ɗan Hausa bai raina abin da ya tarar a hannun mutane ba. Masu sana'a na gari aka ɗauko su koyar, ana dukanci da ƙira da sassaƙa da sauransu. Watau a ganinsa, hannu ma hanya ce ta shigar ilmi, ba kunne kaɗai ba. Sai dai ni a nawa ganin, raba makarantar sana'a da ta 'ya'yan sarakuna ya bar baya da ƙura, don har yau akwai masu zaton aikin hannu na wanda karatu ya gagara ne.

Bayan an fara yaƙi a 1914 ya bar ƙasar nan. Daga 1923 ya zama sakataren kwamitin da ke ba Gwamnatin Ingila shawara kan ilmi a ƙasashen Afirka, a 1926 kuma yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan. Ya rasu a 1945. Gidan da ya zauna yana nan a Kano, ana kiransa Gidan Ɗan Hausa.

Mu da za mu koyar da ƙananan yara, ina ruwanmu da wannan labari? Ruwanmu babba ne. Ku shiga kasuwar Jimeta ku dubi tabarmi da faifai, ku dubi ƙoren da matan Adamawa ke yi wa zane. Duk lissafi ne. Yaron da aka ba kaba fara da wadda aka rina da karan dafi, aka ce ya ɗora biyu ya nutsa ɗaya, ya yi ta maimaitawa, ya fara gane tsari tun bai san baƙi ba. In ya kuskure ƙirga, zanen da kansa zai nuna masa, ba sai an ɗauko bulala ba.

Har wa yau, tabarma ba ta yaro guda ba ce. Wani ya tsaga kaba, wani ya jiƙa, waɗansu su saƙa layi layi, sa'an nan a haɗa a ɗinke. In na ɗaya ya fi na 'yan'uwansa faɗi, ba za ta haɗu ba, tilas su zauna su daidaita. Nan ne yaro zai gane da kansa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka ina roƙon ɗalibanmu masu fita gwajin koyarwa a makarantun Yola da Jimeta, kada ku mai da lokacin aikin hannu na sharar fili ko na hutun malami. Kaba da kara da yumɓu ba su da tsada. Ku nemi izinin shugaban makaranta ku gayyato mai saƙar tabarma na unguwa ya zauna da yara, ku girmama shi gabansu kamar kowane malami. Allah ya sa mu dace, amin.