Leo Fender, Mai Gyaran Rediyon da Ya Ƙera Jitar Bes

Idan aka ce a ba da tarihin wani shahararren mutum, yawancinmu sarakuna da shugabanni da mayaƙa ne ke fara faɗo mana a rai. Ni kuwa wani mai gyaran rediyo na zaɓa, mutumin ƙasar Amurka, sunansa Leo Fender. Dalili kuwa shi ne, duk lokacin hutu nakan zauna a shagon kawuna mai gyaran kayan sauti, inda makaɗa ke kawo jita da amfilifaya idan sun lalace. A can na koyi ɗaura tsirkiya da liƙa waya da dalma, a can kuma na yi ta ganin sunan mutumin nan a jikin kayan da ake kawowa, har na shiga neman labarinsa. Abin da na samo ya sa na ga ya kamata 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su ji.

An haifi Clarence Leonidas Fender ran 10 ga Agusta, 1909, a yankin Anaheim cikin jihar Kalifoniya. Iyayensa manoma ne masu gonar lemo. Yana ɗan shekara takwas wani ƙari ya fito masa a idon hagu, sai da aka cire idon aka sa masa na gilashi. Da ya ɗan tasa sai ya kai ziyara wurin wani kawunsa mai shagon gyaran wutar mota a garin Santa Maria, ya tarar kawun ya harhaɗa rediyo da hannunsa daga tarkacen kaya. Tun daga ranar rediyo ya shiga ransa. Da ya koma gida ya fara kwance rediyoyi yana ɗaurawa, har maƙwabta suka soma kawo masa gyara.

Amma fa ba aikin lantarki ya karanta ba. Da ya gama sakandare a Fullerton cikin 1928, sai ya shiga kwaleji ya koyi aikin akanta, watau lissafin kuɗi. Ya yi aiki a kamfanin ƙanƙara, ya yi a ma'aikatar hanyoyi ta jiharsu, ya kuma yi a wani kamfanin taya. Zamanin nan kuwa tattalin arzikin Amurka ya karye, ana ta sallamar ma'aikata, shi ma abin bai bar shi ba. Cikin 1938, ga shi da aure ga rashin aiki, sai ya ranto dala 600, shi da matarsa Esther suka koma Fullerton, ya buɗe shagon gyaran rediyo. Ashe abin da yake yi don sha'awa shi ne zai riƙe shi, ba takardar da ya samo a kwaleji ba.

Ba a daɗe ba makaɗa suka gano shagon. Suna kawo masa amfilifaya da lasifika gyara, wasu kuma suna hayar na'urorin ƙara murya da ya haɗa da kansa. A nan ne ya yi karatun da babu makarantar da ke koyar da shi. Mai saye yakan ga kaya ran da suke sababbi, amma mai gyara shi ke ganinsu ran da suka mutu, ya san inda suka saba karyewa da inda maƙerinsu ya yi ganganci. Fender ya lura cewa jitar zamanin, da gam ake manne wuyanta da jikinta, saboda haka in wuyan ya lanƙwashe ko ya karye, gyaran sai ƙwararren kafinta, da kuɗi masu yawa, da doguwar jira, makaɗi kuwa yana zaune ba abin neman abinci.

Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ba a ɗauke shi soja ba saboda idonsa, ya haɗa gwiwa da wani abokinsa Doc Kauffman suna ƙera jita irin ta Hawai da ƙananan amfilifayoyi. Kauffman ya janye cikin 1946, Fender ya ci gaba da sunansa shi kaɗai. Cikin 1950 ya fito da jitar lantarki ta katako curi guda, ba rami a cikinta, wadda daga baya aka sa wa suna Telecaster. Wuyanta da noti huɗu aka ɗaure shi, in ya lalace sai a kwance a sa wani. Na farkon da aka sayar wuyansu ya riƙa lanƙwashewa saboda jan tsirkiya, sai ya sa sandar ƙarfe a cikin wuyan wadda ake iya ɗaurewa ko sassautawa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Babban aikinsa a wurina shi ne jitar bes, watau jita mai kaurin murya, wadda ke riƙe gindin kiɗa tare da ganga. Kafin lokacin, masu wannan murya wani ƙaton goge na Turawa suke kaɗawa, wanda ya kai tsawon mutum, a tsaye ake kaɗa shi, ɗaukarsa a mota wahala ne, ga shi kuma ƙarar ganguna da ƙahoni takan danne shi. Gaskiya ne wani mutumin Seattle mai suna Paul Tutmarc ya riga shi ƙera bes na lantarki tun cikin shekarun 1930, amma nasa bai yaɗu ba. Cikin 1951 Fender ya fito da Precision Bass, mai tsirkiya huɗu, tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa inci 34, ana rataya ta a kafaɗa. Ya gitta 'yan ƙarafa a jikin wuyan domin duk inda yatsa ya danna murya ta fito daidai, abin da sunan ke nufi ke nan. Da haka mai kaɗa jita ma yana iya ɗaukar bes ya sami aiki.

A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya, shi ne kunnen jitar. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa sai ya haifar da 'yar wuta kaɗan, amfilifaya ta ƙarfafa ta, lasifika ta mai da ita sauti. Tsirkiya mafi kauri tana girgiza wajen sau 41 a daƙiƙa, ƙaramar lasifika kuwa ba ta iya ɗaukar wannan. Shi ya sa cikin 1952 ya ƙera amfilifayar Bassman mai lasifika ɗaya ta inci 15, daga baya ya mai da su huɗu masu inci goma-goma. Abin mamaki, masu jita ne suka fi rungumarta, har Jim Marshall na Landan ya bi tsarinta ya ƙera tasa amfilifayar ta farko cikin 1962. Cikin 1957 Fender ya raba kunnen Precision gida biyu don ya kashe ƙugin da wutar lantarki ke sawa, cikin 1960 kuma ya fito da Jazz Bass mai siririn wuya. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin faya-fayan Motown a Detroit, Precision yake riƙewa. Aston Barrett na ƙungiyar Bob Marley a Jamaika kuwa Jazz Bass ya shahara da ita. Duk wanda ya taɓa jin kiɗan rege yana dukan ƙirjinsa ya ji aikin mutumin nan.

Ni da nake taɓa gyara, ga inda nake ganin hikimarsa. Idan aka kawo bes tana wuyar dannawa ko tana zizar ƙarfe, abu uku muke dubawa bi da bi. Da fari wuya: sai a juya notin sandar ƙarfen nan kaɗan kaɗan har wuyan ya saura da ɗan lanƙwasa kamar kaurin katin gaisuwa. Na biyu abin da tsirkiya ke hawa a gindi, wanda masu goge ke kira jaki: a ɗaga shi ko a sauke har tsirkiya ta daina taɓa ƙarafa ba ta kuma yi nisa da yatsa ba. Na uku a danna ƙarfe na goma sha biyu, wanda yake tsakiyar tsirkiya, a saurara. In muryar ta haura yadda ya kamata sai a ja jakin baya, in ta gaza a turo shi gaba. Duk wannan da sukundireba da ɗan makulli ake yinsa. Tsofaffin amfilifayoyinsa ma haka suke, wayoyi a shimfiɗe a fili, ga takarda manne a cikin akwatin tana nuna mazaunin kowane bawul. Sai dai ina gargaɗin 'yan'uwana, kada wanda ya buɗe amfilifaya mai bawul ba tare da gwani a kusa ba, domin kwandensa takan riƙe wutar da za ta iya kisa ko bayan an zare waya daga bango. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne, Fender bai iya kaɗa jita ba har ya bar duniya. Abin da ya iya shi ne sauraro. Yakan ba makaɗa sabon abin da ya ƙera su tafi da shi wurin wasa, su dawo su faɗa masa aibinsa, ya gyara, ya sake ba su. Bai ɗauki ƙorafin mai kaya a kan raini ba.

A watan Janairu na 1965, rashin lafiya ta dame shi, ya sayar da kamfaninsa ga CBS a kan dala miliyan 13. Da wani ne sai ya miƙe ƙafa. Shi kuwa da ya warke, wa'adin da aka ɗebar masa na kada ya yi gasa da su ya cika, sai ya koma bakin aiki. Ya zama shugaban kamfanin Music Man cikin 1975, inda suka fito da bes mai suna StingRay cikin 1976, wadda ke da 'yar na'urar ƙara ƙarfi mai batir a cikinta. Bayan haka ya kafa G&L tare da tsohon abokin aikinsa George Fullerton. Matarsa Esther ta rasu cikin 1979, ya sake aure cikin 1980. Ciwon karkarwar jiki da ake kira Parkinson ya kama shi, duk da haka bai daina zuwa ɗakin aikinsa ba. Ya rasu a Fullerton ran 21 ga Maris, 1991, yana da shekara 81.

To, jama'a, mu da muke makaranta yawancinmu ofis muke hange, wasu iyaye kuma in sun ga yaro yana kwance rediyo sai su ce ɓarna yake yi, ko su ji kunya a ce ɗansu bakanike ne. Ban ce a bar karatu ba, domin lissafin da Fender ya koya bai tashi a banza ba ran da ya zama mai kamfani. Amma aikin ofis sallamarsa aka yi, sana'ar hannu kuwa ba wanda ya iya ƙwace masa ita. Ina roƙon iyayenmu, in kun ga yaro da irin wannan sha'awa, ku kai shi wurin gwani ya koya da kyau. Mu kuma ɗalibai, in wani abu ya lalace a hannunmu, kafin mu jefar mu tambayi abin da ya kashe shi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani da sana'a mai albarka.