Michael Faraday, Ɗan Maƙeri Mai Turmi da Taɓarya

Yawancin yara sun san Michael Faraday ta wajen wutar lantarki. Ni kuwa wani ƙaramin aikinsa nake so in ba ku labari, domin da turmi da taɓarya ya yi shi, irin wanda iyayenku mata ke daka yaji a ciki.

An haife shi ranar 22 ga Satumba 1791 a Newington Butts, kusa da Elephant and Castle, ba nisa da mu nan Lewisham. Mahaifinsa maƙeri ne marar lafiya, gidan kuma talauci ya yi musu katutu, har akwai lokacin da burodi ɗaya ne abincinsa na mako guda. Bokonsa bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai wurin George Riebau. Shekara bakwai ya yi a can, littafin da aka kawo ɗinki sai ya karance shi. A 1812 ya saurari laccocin Humphry Davy, ya rubuta su tsaf, ya ɗinke, ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a Royal Institution.

To, ga turmin. A 1820 ya ɗauki wani farin gari, haɗin azurfa da sinadarin kulorin, ya zuba masa garin tutiya, ya yi ta niƙawa a bushe. Ba wuta, ba narkarwa. Gugar nan tana farfasa ƙwayoyin garin, sabuwar fuskarsu ta haɗu da juna, sai tutiya ta janye kulorin ta bar azurfa. Ya gwada da tagulla da kuza da ƙarfe. A ganina ba a ba wannan gwaji haƙƙinsa ba, domin yau masana na haɗa sinadarai ta wannan hanya a injin niƙa mai ƙwallayen ƙarfe, su huta da ruwan sinadari mai guba.

A 1831 ya gano yadda motsin maganaɗisu ke haifar da lantarki, tushen janaretan da muke amfani da shi. Ya sha yi wa yara lacca a ƙarshen shekara, kuma sau biyu yana ƙin karɓar shugabancin Royal Society. Da tsufa ya zo, mantuwa ta dame shi ƙwarai. Ya rasu ranar 25 ga Agusta 1867 a Hampton Court, aka binne shi a maƙabartar Highgate.