Mary McLeod Bethune, Malamar Da Aka Hana Zuwa Afirka

Ƙasar Amurka ta yi mata da yawa waɗanda sunansu bai ɓace ba. Akwai Harriet Tubman, wadda ta gudu daga bauta, sa'an nan ta riƙa komawa a ɓoye tana fito da 'yan'uwanta. Akwai Susan Anthony, wadda ta ƙare kwanakinta tana neman a bar mata su jefa ƙuri'a, har ta rasu cikin 1906 ba ta ga an yi ba. Akwai kuma Helen Keller, makauniya kuma kurma, wadda ta yi karatu har ta gama kwaleji. Amma ni wadda na zaɓa in ba ku labarinta malamar makaranta ce, domin aikin da ta yi shi ne wanda aka tara mu a kwalejin nan mu koya. Sunanta Mary McLeod Bethune.

An haife ta ran 10 ga watan Yuli, 1875, kusa da wani ƙaramin gari wai shi Mayesville, cikin jihar Karolina ta Kudu. Sunan ubanta Samuel, uwarta kuwa Patsy. Su duka biyu bayi ne, ba su sami 'yanci ba sai da yaƙin basasar Amurka ya ƙare cikin 1865. 'Ya'yansu 17, Mary ce ta 15, yawancin yayyenta kuwa cikin bauta aka haife su. Bayan 'yanci iyayen suka yi ta fama har suka sayi 'yar gona ta kansu, suna noma auduga, uwar kuma tana yi wa Turawa wanki.

Ita da bakinta ta ba da labari cewa wata rana ta bi uwarta kai wanki gidan waɗansu Turawa, ta shiga inda yaran gidan ke wasa, ta ga littafi ta ɗauka. Sai wata yarinya ta ce mata ta ajiye, tun da ba ta iya karatu ba. Maganar nan ta zauna mata a zuciya. Ba da daɗewa ba mishan na Firesbiteriyan suka buɗe wata makaranta mai ɗaki ɗaya a Mayesville domin 'ya'yan baƙar fata, malamarta wata baƙar mace mai suna Emma Wilson. Gidan McLeod ba su da halin sakin yara da yawa daga gona, sai aka sa Mary kaɗai. Tsakanin gidansu da makaranta mil 5 ne, a ƙasa ta ke zuwa. In ta komo da yamma sai ta tara mutanen gida ta koya musu abin da ta koyo. Watau ta fara aikin malanta tun ba ta san sunansa ba.

Da ta ƙare wannan makaranta ba kuɗin ci gaba, sai ta koma gona. Ana nan sai wata Baturiya mai ɗinki, Mary Crissman, can nesa a jihar Kolorado, ta aiko da kuɗi daga abin da ta ke samu don a koyar da yarinya guda baƙar fata, ba ta kuwa san wadda za a zaɓa ba. Malama Wilson ta zaɓi Mary. Cikin 1888 ta tafi makarantar 'yammata ta Scotia a Karolina ta Arewa. Daga can, cikin 1894, ta wuce birnin Shikago, makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta Moody.

Abin da ya kai ta Shikago shi ne tana son ta zo Afirka ta yi aikin mishan, ta koyar da yara a ƙasar kakanninta. Ta daɗe tana shirin wannan. Da ta gama karatu cikin 1895 ta nemi hukumar mishan ta ekkilisiyarta su aike ta, sai aka amsa mata cewa ba su da wuri a Afirka domin baƙar fata. Ku duba fa, 'yan'uwana. Mutanen da suka koya mata karatu, su ne suka rufe mata ƙofa, ba don rashin ilmi ko rashin hali ba, sai don launin jikinta ya yi kama da na waɗanda ta ke so ta je wurinsu. Ni da na fito daga makarantar mishan, na san alherin da a ke samu a can, ban kuwa ga wata hanyar wanke wannan hukunci ba. Ita kanta ta lissafa shi cikin manyan abubuwan baƙin ciki na zamanta a duniya. Shekararta 20 a lokacin.

To, sai ta juya ta dubi gida. A jihohin kudu na Amurka 'ya'yan 'yantattun bayi miliyoyi ne, doka ta raba makarantunsu da na Turawa, abin da gwamnati ke kashewa a kansu kuwa bai taka kara ya karya ba. Ta kama aikin koyarwa a Augusta ta jihar Jojiya, ƙarƙashin Lucy Laney, wata baƙar mace da ta kafa makarantar Haines da ƙoƙarin kanta. A nan ne Mary ta ga da idonta cewa mace tana iya kafa makaranta ta kuma riƙe ta, a nan kuma ta ƙudura cewa in aka koyar da yarinya, gida ɗaya aka koyar. Cikin 1898 ta auri Albertus Bethune, suka haifi ɗa guda, Albert, suka koma jihar Fulorida inda ta yi shekara 5 tana koyarwa a garin Palatka. Auren bai yi ƙarko ba. Mijin ya koma ƙasarsu cikin 1907, ya rasu cikin 1918, ita kuwa ba ta sake aure ba.

Cikin 1904 ta ji labarin garin Daytona a bakin teku, inda baƙaƙen leburori suka taru da iyalinsu saboda aikin hanyar jirgin ƙasa, 'ya'yansu suna yawo ba makaranta. Ta tashi ta tafi. Dukan abin da ke hannunta dala 1 da rabi ne. Ta sami wani tsohon gida na haya, dala 11 a wata, ta lallashi mai gidan ya yi mata haƙuri. Cikin watan Oktoba na shekaran nan ta buɗe makaranta da 'yammata 5 da ɗanta.

Mu da mu kan yi gunaguni in alli ya ƙare ko littafi bai zagaya aji ba, ya kamata mu ji kayan aikin da ta fara da su. Tebur da benci, tsofaffin akwatunan katako ne da ta tsinto bayan kantuna. Fensir, gawayi ne daga ƙonannen itace. Tawada, 'ya'yan wani itacen daji a ke matsewa. Katifun 'yan kwana, buhuna ne da aka cusa musu wata irin ciyawa da ke rataye a itatuwan ƙasar. Ita da 'yammatan su kan bi bayan manyan masaukan baƙi na Turawa suna tsintar kwanoni da kujerun da aka yar, su wanke, su gyara. Kuɗin cefane kuwa, ta kan gasa wani irin burodi mai zaƙi na dankali ta sayar wa leburori. Cikin shekara 2 yara suka kai wajen 250, gida ya yi kaɗan.

Filin da ta iya saye juji ne, inda garin ke zubar da shara, har mutane suna kiransa ramin Jahannama. Kuɗinsa dala 250. Ta ba da dala 5 kafin alƙalami daga cinikin dankalin nan, sauran ta riƙa biya kaɗan kaɗan. Iyayen yara suka zo suka kwashe shara, waɗansu suka yi aikin gini maimakon kuɗin makaranta. Cikin 1907 aka shiga ginin farko, ta sa masa sunan Zauren Bangaskiya.

Ba zan ɓoye muku ba, yawancin kuɗin ginin nan roƙo ne. Daytona wuri ne da attajiran arewacin Amurka ke zuwa hutu lokacin sanyi, ita kuwa ba ta jin kunyar buga ƙofarsu. Ta kan kai 'yammatanta su yi waƙa a masaukansu, kāna ta tashi ta yi bayanin makarantarta. Ta haka ta jawo James Gamble, na kamfanin sabulu na Procter & Gamble, da Thomas White, mai kamfanin keken ɗinki, suka shiga cikin masu riƙon makarantar. Akwai abin da za a iya faɗi a nan. Darussan farko, banda karatu da rubutu da lissafi, sun fi ƙarfi wajen ɗinki da girki da wanki da guga, irin ilmin da Turawan wancan zamani ba su jin tsoron baƙar fata ya samu, domin ba ya hana shi zama bara. Wannan zargi ba a kanta kaɗai ya faɗa ba, duk makarantun koyon sana'a na baƙar fata sun sha shi. A ganina abin da ya fisshe ta shi ne ba ta tsaya nan ba. Ta karɓi kuɗinsu, ta yi ta ɗaga darussa hawa hawa, daga firamare zuwa sakandare, daga nan zuwa horon malamai. Cikin 1923 aka fara haɗa makarantarta da ta maza ta Cookman daga birnin Jacksonville, daga baya aka kira su Kwalejin Bethune-Cookman, cikin 1941 kuma aka fara karatun digiri na shekara 4.

Ba makaranta kaɗai ta gina ba. Wata ɗalibarta ta kamu da ciwon ciki mai tsanani, da kyar asibitin Turawa ya karɓe ta, da malamar ta koma dubiya sai ta tarar an fitar da yarinyar waje, nesa da sauran marasa lafiya. Cikin 1911 ta buɗe asibiti na baƙar fata da gado 2, ta sa masa sunan iyayenta, ana kuma koyar da 'yammata aikin jiyya a ciki.

Cikin 1920 doka ta ba matan Amurka ikon jefa ƙuri'a. Amma a kudu an kafa wa baƙar fata tarko iri biyu, watau harajin zaɓe da jarrabawar karatu. Malama Bethune ta hau keke tana bi gida gida tana tara kuɗin harajin, da dare kuma tana koya wa manya karatu don su ci jarrabawar. Wannan ya tsone wa ƙungiyar Ku Klux Klan ido, mutanen nan masu lulluɓe fuska da farin ƙyalle, waɗanda suka saba ƙone gidaje da kashe baƙar fata. Daren jajibirin zaɓe suka yi jerin gwano suka shigo filin makarantar. Ta sa aka kunna fitilun waje don a gan su sarai, ta fito ta tsaya, 'yammatan kuwa suna ta waƙoƙin sujada, har mutanen suka wuce. Da gari ya waye ta shige gaba, jama'arta suna biye, suka je suka jefa ƙuri'a. Ku tuna mace ce ita kaɗai, da 'ya'yan mutane a hannunta, ba kuwa ɗan sandan da za ta kira.

Daga nan sunanta ya game ƙasa, zan kuwa taƙaita don muƙaman suna da yawa. Ta shugabanci babbar ƙungiyar matan baƙar fata daga 1924 zuwa 1928, cikin 1935 ta kafa majalisar da ta haɗa ƙungiyoyinsu wuri ɗaya. Cikin 1936 Shugaba Franklin Roosevelt ya kira ta birnin Washinton, ta riƙe sashen baƙar fata na hukumar da ke sama wa matasa aiki da kuɗin karatu a shekarun nan na karayar arziki. Kafin ita ba baƙar macen da ta taɓa riƙe sashe irin wannan a gwamnatin tarayya. Ta tara baƙaƙen ma'aikatan gwamnati suna shawara a gidanta, ta kan kai kukansu gaban shugaba, abokantakarta da matarsa Eleanor kuwa ta buɗe mata ƙofofi da yawa. Ba duk abin da ta roƙa ta samu ba. Ta nemi dokar tarayya ta hana taron 'yan iska kashe baƙar fata ba shari'a, ba a yi dokar ba a zamaninta. Da Roosevelt ya rasu cikin 1945 matarsa ta ba ta ɗaya daga cikin sandunansa, ta riƙa dogarawa da ita. Cikin shekaran nan kuma ta halarci taron San Faransisko inda aka kafa Majalisar Ɗinkin Duniya.

Afirka fa? Sai cikin watan Janairu na 1952 ta taka ta. Shugaba Truman ya sa ta cikin wakilan Amurka zuwa Laberiya, wajen bikin rantsar da Shugaba William Tubman, aka kuma ba ta lambar girma ta ƙasar. Shekara 57 ke nan bayan an ce ba wurinta a Afirka. Ta zo tana tsohuwa mai shekara 76, ga ciwon fuka, ba don ta buɗe aji ba.

Ran 17 ga watan Mayu, 1954, babban kotun Amurka ya yanke cewa raba makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Bayan shekara guda da kwana guda, ran 18 ga watan Mayu, 1955, Allah ya yi mata rasuwa a gidanta na Daytona, aka binne ta cikin filin makarantar. Kwalejin ya zama jami'a cikin 2007. Cikin 2022 jihar Fulorida ta kafa siffarta ta farin dutse a ginin majalisar dokokin Amurka a Washinton, inda kowace jiha ke da wurin mutum biyu. Wanda aka ɗauke don a sa ta shi ne Janar Kirby Smith, ɗaya daga cikin shugabannin sojan kudu a yaƙin da aka yi lokacin da iyayenta ke cikin bauta.