Tarihin Nana Asma'u ɗiyar Shehu, mai raba sadaka a zamanin yaƙi

Daga Sakkwato har Maradi, da wuya a sami mai karatu da bai taɓa jin sunan Nana Asma'u ba, wadda Sakkwatawa suke kira Uwar Daje. Yawancin mutane sun san ta da malanta da tsara waƙoƙi cikin Larabci da Fillanci da Hausa. Akwai kuma wani aikin nata da ya cancanci a san shi, musamman ga masu hidimar jama'a: ita ce ta shirya hanyar da sadakar matan ƙauye take bi har ta kai hannun waɗanda yaƙi ya bari cikin wahala. Ta yi kimanin shekara 70 a duniya, kuma tun tana yarinya har ta tsufa ba ta ga ƙasar ta rabu da yaƙi ba.

Ƙuruciya cikin gudun hijira

An haifi Nana Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna. Tagwaye aka haifa, ita da ɗan'uwanta Hasan. Bisa al'ada Usaina ya kamata a kira ta, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u, sunan ɗiyar Sayyidina Abubakar wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah abinci a kogo lokacin hijira. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama, sai sauran matan gidan suka rene ta, ta yi karatu a gaban mahaifinta da ƴan'uwanta.

A watan Fabrairu na 1804 tsakanin Shehu da Sarkin Gobir Yunfa ya ɓaci ƙwarai, har jama'ar Shehu suka tashi daga Degel zuwa Gudu. Asma'u tana da shekara 11. A watan Yuni jama'ar suka ci nasara a Tabkin Kwatto, amma nasarar ba ta cika musu rumbu ba, domin sun baro gonakinsu, damina kuwa ta wuce ba su yi noman kirki ba. A ƙarshen shekarar aka karya su a Tsuntsuwa, kusa da Alkalawa, inda mahaddatan Alƙur'ani kimanin 200 suka kwanta dama. A 1805 yunwa da cuta suka shiga sansani, aka yi ta ƙaura neman abinci, daga Zamfara har Gwandu. Yarinyar ta ga marayu, ta ga masu rauni, ta ga yadda mudun hatsi yake raba mutum da mutuwa.

Wahala ta ɓangare biyu

Yaƙin bai zaɓi gida ɗaya ba. Birnin Katsina ya fita hannun sarakunansa na dā a 1807, Alkalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suka yi arewa, daga baya suka kafa mulkinsu a Maradi ƙarƙashin Ɗan Kasawa. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yayan Asma'u, ya ci taron Gobirawa da Katsinawan Maradi da Abzinawa a Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maradi Rauda. Bayan haka ne Gobirawa suka kafa Tsibiri, wadda take cikin gundumar Gidan Rumji a yau.

Daga nan aka shiga shekaru na hari da ramuwa. Bajamushen nan matafiyi Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851, ya tarar da Gazawa a killace saboda tsoron hari, daji kuwa ya cinye garuruwan da suke tsakaninta da Katsina, har ya wuce ta kufan Ɗankama. Ashe kakannin mutanen Agiye da Gazawa sun sha irin ɗacin da mutanen Degel suka sha. Kowane hari yakan bar matan da aka kashe wa maza, da yara marasa uba, da waɗanda aka kama aka kai wata ƙasa bauta. Da yawa daga cikin matan da suka cika gidajen Sakkwato da Wurno a wancan zamani kamammu ne, kuma yaƙin dangin Asma'u ne ya kawo su. Tarihi bai ɓoye wannan ba.

Gidan Waziri

Asma'u ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Gidan Waziri shi ne masaukin manzanni da baƙi. A hannunsa Baturen Ingila Clapperton ya sauka da ya zo Sakkwato a 1824. Saboda haka labarin ƙasa duka yakan biyo ta gidanta. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ta ɗauki nauyin tattara littattafansa da adana su. Ba ta riƙe wata sarauta ba, amma Bello yana jin shawararta, malamai na nesa suna rubuto mata wasiƙu, talakawa kuma sun yarda da ita. Wannan yardar ce ta zama jarin aikin da ta sa gaba.

Ƴan Taru

Tsakanin shekarun 1830 da 1840 ta kafa tsarin da aka sani da Ƴan Taru. A garuruwa da ƙauyuka ta riƙa zaɓen dattijuwa mai hankali da amana, ta naɗa ta jaji. Jaji dai a asali shi ne mai jan ayarin fatake, wanda ya san hanya da rijiya da zango. Alamar naɗin ita ce malafa da jan rawani. Mutanen Gobir sun san malafa a kan Inna, ƴar'uwar sarki mai shugabancin mata da bori, sarautar da har yanzu ake naɗawa a Tsibiri. Da Asma'u ta ɗora wa jajinta malafa, matan da suka taso cikin waccan al'ada nan da nan suka gane cewa wannan shugaba ce.

Bayan kaka, idan an gama shigar da hatsi rumbu, sai jaji ta tara ayarinta. Ƴan mata ƙanana da tsofaffin mata su ne matafiya. Matan aure masu goyo da hidimar gida sukan zauna, amma su ma sukan ba da abin da ya sawwaƙa a kai musu: wannan ta ba da hatsi, waccan man shanu, wata zuma, wata zare ko ƙyalle. Ayarin yakan tafi a ƙasa, kaya a kai, wani lokaci kwana da kwanaki, a kan hanyoyin da ba su rabu da tsoron mahara ba. Idan sun iso, Asma'u takan saurari damuwarsu, ta warware musu matsalolin addini da na zaman aure, ta koya musu waƙoƙin da za su haddace su koma su koya wa na gida. Sadakar da suka kawo kuwa ba ta tsayawa a ɗakinta, ana raba ta ga gajiyayyu da marasa lafiya da sauran mabuƙata na gari.

Wannan daban take da zakka, wadda take farilla, hukuma take karɓa ta hannun ma'aikatanta. Sadakar Ƴan Taru ta ganin dama ce, kuma abin da kowace mace take bayarwa bai taka kara ya karya ba. Amma da yayyafi kogi kan cika. Abin da ya riƙe tsarin shi ne an san kowa a cikinsa: mai bayarwa ta san jajin da ta karɓa, jaji ta san inda ta sauke, jama'ar gari kuma suna ganin inda kayan suka tafi. Da an taɓa jin ƙishin-ƙishin cewa sadakar tana maƙalewa a hanya, da ayarin shekara mai zuwa bai tashi ba.

Rubuce-rubucenta ma sun bi wannan hanya. Ta yawaita rubutu da Hausa domin matan da ba su jin Larabci ko Fillanci, har da waɗanda aka kamo, su sami rabonsu. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, littafi a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani. Cikin marsiyyoyinta akwai ta wata jaji mai suna Hauwa'u, da ta Zaharatu, macen da aka sani da zama wajen masu naƙuda da wankan gawa. A zamanin da ake yi wa mayaƙa kirari, ita ta sa sunayen masu jinya cikin littafi.

Rasuwarta da abin da ya biyo baya

Nana Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da hubbaren mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da karɓar Ƴan Taru, bayanta kuma ɗiyarta Ta Modi. Tsarin ya wuce zuwan Turawa a 1903 bai mutu ba. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyarta, ya adana takardunta, ya buɗe su ga wata Baturiya mai bincike, Jean Boyd, wadda ta wallafa tarihinta a 1989. A 1997 kuma ita da Beverly Mack suka buga rubuce-rubucenta a littafi guda.

A shekarar da ta rasu, ranar 22 ga Agusta 1864, ƙasashe 12 suka sa hannu a birnin Janeba na ƙasar Suwis kan yarjejeniyar farko ta kula da sojojin da suka ji rauni, wadda ƙungiyar Croix-Rouge ta tsaya a kanta. Sai a 1949 aka ƙara yarjejeniyar da ta keɓanta ga kare farar hula. Nijar ta kafa tata Croix-Rouge a 1963. Waɗannan ƙungiyoyi da gudummawa suke aiki, ta gwamnatoci da ta ɗaiɗaikun mutane, kuma su ma abin da suke dogara da shi shi ne yardar mai bayarwa cewa abinsa zai isa.

A 2019 hare-haren ƴan bindiga suka koro mutane fiye da 40,000 daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi, yawancinsu mata da yara, mafi yawa kuma a gundumar Gidan Rumji suka sauka. Da yawa Gobirawa ne na wajen Sabon Birni, dangin mutanen Tsibiri. Kafin motocin hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya su iso, mutanen ƙauyukan bakin iyaka ne suka ba su masauki, suka raba tuwonsu da su. Daga baya aka matsar da wasu nesa da iyaka, zuwa wurare irin su Cadakori. Duk ma'aikacin da aka damƙa wa buhunan agaji a irin wannan wuri, aikin jaji ne a hannunsa, kuma idon masu bayarwa da na masu jira yana kansa.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya jiƙan waɗanda suka rasu a yaƙe-yaƙen zamaninta ta kowane ɓangare, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.