Michael Faraday: Ɗan Maƙerin Da Ya Zama Uban Ilmin Lantarki

An haifi Michael Faraday ran 22 ga Satumba, 1791, a kudancin birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne marar hali, saboda haka karatun yaron bai yi nisa ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya kuwa duƙufa wajen karanta waɗanda ake kawowa.

Cikin 1812 ya halarci laccocin masani Humphry Davy, ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke ya aika masa. A 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a cibiyar bincike ta Royal Institution. A can ne, cikin 1831, ya gano cewa motsa maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki. Bisa wannan ƙa'ida injinan madatsar ruwa ta Kainji suke ba mu wuta.

Amma akwai wani bincikensa da ba a faye ambata ba. Sanannen abu ne cewa in ƙarfe ya yi zafi, lantarki yakan ƙara shan wuya wajen ratsa shi. A 1833 Faraday ya gwada haɗin azurfa da farar wuta, wato baƙin nan da ke hawa kan munduwar azurfa, sai ya ga akasin haka: yana ƙara zafi, lantarki na ƙara wucewa. Daga baya ya gwada haɗin dalma da sinadarin fulorin. Da sanyi ya hana lantarki hanya, da aka gasa shi kuwa sai ya sake masa, alhali bai narke ba.

Sai bayan rasuwarsa masana suka gane dalili. Ƙwayoyin irin wannan ma'adini a jere suke sahu-sahu. In zafi ya kai wani matsayi, sai kashi ɗaya su tsaya cik kamar rumfunan kasuwa, ɗaya kashin kuma su riƙa kai da kawo a tsakani kamar 'yan cin kasuwa, ɗauke da lantarki. Waɗannan matafiya su ake kira ayon, sunan da Faraday ya fara amfani da shi a 1834 bisa shawarar William Whewell. Yau da irin waɗannan ma'adinai ake yin batirin na'urar daidaita bugun zuciya, ana kuma ta ƙoƙarin ƙera wa motoci batir marar ruwa, wanda ba ya saurin kama wuta.

Duk da ɗaukakar da ya samu, sau biyu yana ƙin karɓar shugabancin ƙungiyar masana ta Royal Society. Ya rasu ran 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75. Ɗalibin da ke kukan rashin gata sai ya tuna cewa wannan bawan Allah bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. Haƙuri da lura su ne jarinsa.